Yadda Za Ka Haɗa Ɗaliban Sassa Daban-daban Su Ƙera Abu Ɗaya Cikin Zango Guda

Kusan duk tsangayar injiniya da na sani a ƙasar nan tana da wani ɗaki, ko wata rumfa a bayan wokshop, inda ake jibge furojet ɗin 'yan ajin ƙarshe. Injin ɓare gyaɗa, injin sussukar masara, na'urar busar da tumatir da hasken rana, sai wata na'urar busar da tumatir ɗin, sai kuma wata. An ƙera, an kare gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a, an ba da maki, an ja ƙofa. Ba rashin iya lissafi ba ne ya kai su can. Buɗe kundin kowane yaro, za ka tarar lissafin zafi da na ƙarfin ƙarfe sun fita daidai. Abin da babu shi ne wanda ya je ya tambayi manomi ko yana so, nawa zai iya biya, wa zai gyara masa in ta lalace, a ina zai ajiye ta da damina. Waɗannan tambayoyin su ne aikin zayyana, kuma babu sashe ɗaya da ke riƙe da amsarsu duka. Shi ya sa nake ganin darasin zayyana ita ce hanya mafi arha da malami zai bi ya sa ɗalibin kanikanci ya nemi na lantarki da ƙafarsa, su biyun kuma su nemi na aikin gona da na tattalin arziki.

Abin da zan faɗa na malamin da ke da zango ɗaya ne a hannunsa, da ɗalibai talatin zuwa arba'in, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Ka fara da jadawali, ba da ƙarfe ba

Kowa yana ɗaukan cewa kuɗi ne zai hana wannan aiki. A gaskiya jadawalin lakca ne. Ɗan kanikanci yana da lakca lokacin da ɗan aikin gona yake gona, ɗan tattalin arziki kuma yana wani harabar daban. Kafin ka faɗa wa ɗalibi ko ɗaya, nemi abokin tafiya ɗaya tak daga wata tsangaya, wanda kuke shiri da shi, ku je wurin masu tsara jadawali tun kafin a kafe shi, ku roƙi sa'o'i uku a jere, rana ɗaya a mako. Awa ɗaya-ɗaya a warwatse ba ta ƙera komai. Kafin a fito da kaya lokaci ya ƙare.

Sai batun inda kwas ɗin zai zauna a manhaja. Sabon kwas yana bukatar ya bi ta sashe, ya bi ta tsangaya, ya kai majalisar jami'a, wannan kuwa shekara yake ci. Akwai ƙofofi da suke a buɗe tun yanzu. Manhajar CCMAS da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cika da abin da ya dace da yankinta. Akwai kuma kwasa-kwasan koyon kasuwanci da kowane ɗalibi ke ɗauka ko daga wane sashe yake, waɗanda a wurare da yawa suka koma haddar takarda. Akwai SWEP, makonnin da 'yan aji biyu ke yi a wokshop suna goge ƙarfe. Ka shiga ta ɗaya daga cikinsu. In shugaban sashe ya tambaye ka amfanin abin, hujjar da ta fi shiga kunnensa ita ce ta tantancewa: COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ta zama mamba ta wucin gadi a 2023 a yarjejeniyar Washington, wadda a ƙarƙashinta ƙasashe ke amincewa da digirin injiniya na juna, kuma masu tantancewa yanzu suna son ganin shaidar cewa ɗalibi ya iya zayyana mafita, ya iya aiki cikin rukuni da mutanen da ba fanninsu ɗaya ba. Kwas ɗinka shi ne shaidar.

Kada ka jira gini. Jami'ar Aalto ta ƙasar Finlan, wadda aka samar a 2010 ta hanyar haɗe jami'ar fasaha da ta kasuwanci da ta zane-zane, tana da shahararren gidan zayyana, kuma abin da masu ziyara suka fi ba da labari a kansa shi ne ɗakin girkin da ke tsakiyarsa, inda kowa ke haɗuwa da kowa. Kai abin da kake bukata ɗaki ne mai tebura masu faɗi, da makulli a hannun ɗalibai, da izinin barin tarkace a kan tebur har mako mai zuwa.

Ka ba su matsala, kada ka ba su sunan na'ura

Nan ne yawancinmu muke karkacewa tun ranar farko. Malami ya rubuta a allo: "Zayyana da ƙera na'urar busar da tumatir." Shi ke nan an gama tunani, saura walda. Ɗan tattalin arzikin da ke cikin rukunin ya zama ɗan kallo, sai dai a ce masa ya rubuta babin farashi a makon ƙarshe.

Rubuta haka maimakon wancan: "Manoman rani a Kadawa da Kura suna sayar da tumatir da arha ƙwarai in kaka ta yi, wani ma ya ruɓe kafin ya kai kasuwa. Ku nemo inda za a rage asarar." Yanzu ba wanda ya san amsar, har kai. Wataƙila busarwa ce, wataƙila kwandon da ake lodi da shi ne yake matse na ƙasa, wataƙila inuwa ce kawai babu a wurin da ake jiran mota.

Labarin da nake ba ɗalibai a nan na Jami'ar Stanford ne. A 2007, a wani kwas nasu na zayyana wa masu ƙaramin ƙarfi kaya, an ba rukunin ɗalibai huɗu, masu karatun injiniya da kwamfuta da kasuwanci, aikin ƙera kwalbar jarirai bakwaini mai arha, domin ta asibiti tana kai dala dubu ashirin. Ɗaya daga cikinsu, Linus Liang, ya tafi Nefal ya ga abin da idonsa. Ya tarar da kwalabe a asibitin birni babu jarirai a ciki, saboda jariran da ke mutuwa a ƙauye ake haifarsu, ba sa ma isowa. Sai rukunin ya bar batun kwalba gaba ɗaya, ya ɗinka wata 'yar jaka da ake sa jariri a ciki, da wani ƙunshin kakin da ake ɗumamawa ya riƙe zafin jikin mutum na sa'o'i. Ita ce aka sani da Embrace. Da malaminsu ya kafe a kan kwalba, da sun ƙera kwalba mai kyau wadda babu mai shiga.

Matsalar da za ka zaɓa ta kasance ɗalibai za su iya kai wa gare ta da kuɗin mota kaɗan, su je su dawo a yini. Kuma in shawarata za ka bi, a zagayen farko ka guji kayan asibiti da za su taɓa jikin majiyyaci. Waɗannan sai da izinin kwamitin ɗa'a na asibiti, daga baya kuma NAFDAC, zango ɗaya ba ya isa.

Haɗa rukuni da hannunka

Mutum huɗu ko biyar. In sun kai shida, ɗaya zai ɓace ba wanda ya lura. Kada ka bar su su zaɓi junansu, domin abokai za su taru, 'yan sashe ɗaya kuma su manne wa juna. Kowane rukuni ya samu aƙalla mutum ɗaya da ba injiniya ba. In jami'arku tana da sashen zayyanar masana'antu, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke koyar da tukwane da saƙa da gilashi da zane, to ka yi sa'a: waɗannan yaran sun saba yin abu da hannu, a kushe, su sake, ba tare da sun yi fushi ba, kuma wannan hali ne da ɗaliban injiniya ba su da shi.

Ka tabbata akwai ɗaliba mace a kowane rukunin da aikinsa ya shafi cikin gida. Wannan ba ado ba ne. Tuyar ƙuli-ƙuli, turara shinkafa, daka, surfe, yawanci a gidajen da aka rubuta "ba shiga" ake yin su. Namiji zai tsaya a zaure ya ji abin da maigida ya ce matarsa tana yi; mace za ta shiga ta ga abin da matar take yi. Sau da yawa ba ɗaya ba ne.

Fita

Makonni uku na farko babu zane, babu kwamfuta. Za su yi ƙorafi, su ce ba su zo jami'a don yawon ƙauye ba. Ka bar su su yi. A Kwalejin Olin da ke Amurka, wadda ta karɓi ɗalibanta na farko a 2002 kuma ba ta da sassa kwata-kwata, akwai kwas guda da ɗalibai ke shafe zangon suna bin wasu mutane suna fahimtar rayuwarsu, su ƙare da shawarar abin da ya kamata a ƙera ba tare da sun ƙera shi ba. Makonni uku ba su yi yawa ba.

Ka riga su zuwa, ka gaida mai unguwa ko sarkin kasuwa, ka faɗi gaskiya: ɗalibai ne, ba gwamnati ba, ba rabon taki ko bashi suka kawo ba. In ba ka share wannan ba, duk amsar da za a ba su amsar neman tallafi ce.

Ka hana su takardar tambayoyi mai akwatunan cikewa. Ka koya musu su zauna, su taya aiki, su yi tambayar da ke jawo labari. "Baba, kana son na'urar busarwa?" kowa zai ce yana so, ai ba a ƙin kyauta. Tambayar ita ce: "Baba, bara da farashi ya faɗi, yaya ka yi da na gonar nan?" Sai ya tashi ya nuna maka filin da ya shanya, ya gaya maka yara nawa ya ɗauka suka yanka, nawa ya biya su kowane kwando, kwana nawa ya yi kafin ya zama kauɗa, da wanda ya zo ya saya. Ɗaya ya riƙa tambaya, ɗaya ya rubuta, ɗaya ya auna: faɗin filin da taku, nauyin kwando, tazarar gona da titi. Hoto sai an nemi izini.

Da sun dawo, sa su yi lissafin bayan ambulan a gabanka, kafin kowa ya ƙaunaci wata dabara. Ga na tumatir. Kusan kashi 94 cikin ɗari na ɗanyen tumatir ruwa ne, wato a kilo ɗari sai ka kori fiye da kilo casa'in na ruwa. Kowane kilo yana cin wajen megajul 2.4 na zafi (megajul ma'aunin makamashi ne) kafin ya zama tururi. Ranar arewa da rani tana zuba kamar megajul ashirin da 'yan kai a kan kowace murabba'in mita a yini. In na'urarka ta ci moriyar kashi ɗaya bisa uku na wannan zafin, kilo uku na ruwa ke nan a kowace mita a yini. Akwatin mita biyu da ɗalibai suka saba ƙerawa zai yi fiye da mako yana fama da babban kwando ɗaya, manomin kuwa kwanduna da yawa yake tsinka a rana, kuma fili kyauta yake da shi. A nan ɗan kanikanci yake yin shiru. Sai 'yar kimiyyar abinci ta ce ai wanda ake shanyawa a fili yana kwasar ƙasa da kashin awaki. Sai ɗan tattalin arziki ya tambaya ko mai saye a kasuwa yana ƙara ko sisi saboda tsabta. In ba ya ƙarawa, to matsalar ba ta zafi ba ce, ta kasuwa ce, kuma wataƙila abin da za a zayyana shi ne shimfiɗa mai arha a ɗage daga ƙasa, da leda mai suna, da mai sayen da ya damu da tsabta. Wannan muhawarar ta minti ashirin ita ce kwas ɗin. Sauran duk hidima ce.

Kwali kafin ƙarfe

Doka ɗaya nake kafawa: babu wanda zai taɓa injin walda sai ya kawo samfuri uku mabambanta da aka yi da kwali, kara, waya, tsohon buhu, roba, gam. Kowanne a yi shi cikin zama ɗaya. Dalili shi ne ɗalibin da ya kashe kuɗin aljihunsa da mako biyu a kan ƙarfe ba zai yarda abin bai yi ba, ko manomi ya faɗa masa a fuska. Na kwali kuwa da kansa zai yaga.

Kada wani ya raina wannan. Na'urar taimaka wa jarirai numfashi da ake kira Pumani ta faro ne a hannun ɗaliban Jami'ar Rice da ke Amurka, tare da likitocin asibitin Queen Elizabeth na birnin Blantyre a Malawi. Samfurin farko famfon iska ne irin na tankin kifin ado, da gorar ruwa, a cikin akwatin roba na ajiye takalma. Da aka gwada ta a asibitin bayan gyare-gyare, kashi 71 cikin ɗari na jariran da aka sa wa ita sun rayu, a kan kashi 44 na waɗanda suka samu iskar oksijin kawai. Malamai biyu da suka jagoranci shirin, Rebecca Richards-Kortum da Maria Oden, ba su tsaya a nan ba. Ta shirin NEST360 na rage mutuwar jarirai a asibitoci an buɗe ɗakunan zayyana a jami'o'in Afirka, har da na Ibadan da Legas. Wanda yake son ganin yadda ake tafiyar da irin wannan ɗaki ba sai ya nemi biza ba.

Samfurin kwali a mayar da shi wurin mai matsalar, a miƙa masa, a rufe baki. Ɗalibai suna da ɗabi'ar yin bayani da kare kai. Ka ce musu su kalli hannunsa kawai: ina ya fara kamawa, ina ya laluba bai samu ba, me ya yi ƙoƙarin buɗewa da ba ya buɗuwa. Mutanenmu suna da kara, za su ce "ai ya yi kyau, Allah ya yi albarka." Tambayar da ke fito da gaskiya ita ce nawa zai saya, sannan wa zai ba shawara ya saya.

Mai walda malami ne

In an zo ƙarfe, wajen mako na takwas, kawo maƙeri cikin aikin, daga Panteka in kuna Kaduna, ko duk inda masu ƙira suke a garinku. Ka biya shi kuɗin zamansa, ka gabatar da shi da sunan malami, ɗalibai su ce masa Malam ko Oga kamar yadda yaransa ke ce masa. Zai dubi zanen da aka fitar daga kwamfuta ya ce wannan kaurin falanki babu shi a kasuwa, wannan boris ɗin sai an aiko daga Legas, amma na babur yana shiga kuma kowane bakanike yana da shi. Wannan ilimi ne da babu shi a kundinmu. Haka ma ma'aikatan wokshop na jami'a, waɗanda aka saba mayarwa masu riƙe makulli. Sa sunansu a takardar kwas, ka ba su bakin magana ranar ba da maki.

Kuɗin kaya ka yanke wa kowane rukuni adadi ɗaya, ƙarami, su kawo rasit. Ƙarancin yana cikin darasin.

Maki

Duk abin da ka faɗa a aji, ɗalibi makin yake saurare. In ka bar tsarin talatin na gwaji da saba'in na jarrabawar takarda, za su yi watsi da manomi su koma hadda. Nemi a yi wa kwas ɗin rajista a matsayin na aikin hannu, makinsa duka daga ayyukan zango.

Yadda nake rabawa: kaso mafi tsoka ga fahimtar matsala da shaidar cewa ra'ayin rukunin ya canza saboda abin da suka gani ko suka gwada. Kaso na biyu ga gwaji da awo: ba "ta yi aiki" ba, a'a, nawa ta busar, cikin awa nawa, da zafi nawa, an kwatanta da me. Na'urar da ta gaza amma aka auna gazawarta da kyau ta fi wadda aka shafa wa fenti ba a gwada ba. Kowane ɗalibi ya riƙe littafin aikinsa da kwanan wata, ka riƙa sa hannu kowane mako, don kada a zauna a cika shi daren ƙarshe. 'Yan rukuni su auna junansu a asirce sau biyu, a tsakiya da ƙarshe. Na tsakiyar ya fi amfani, domin akwai sauran lokacin gyara.

Ranar kare aiki ga dabarar da ta fi kowace tasiri a wurina: tambayar farashi ɗan lantarki zan yi wa, tambayar waya da batir kuma 'yar tattalin arziki. Ka sanar da su haka tun makon farko. Daga ranar za su fara koya wa juna, don kowa ya san makinsa yana bakin ɗan'uwansa. Ka gayyato manomin ko matar da aka yi aikin dominta, a yi bayanin da Hausa, a ba ta dama ta yi tambaya. Ɗalibin da ya kasa bayyana na'urarsa da harshen mai amfani da ita bai gama fahimtarta ba.

Bayan zango

Kada ka yi wa kowa alkawarin kamfani. Zango ɗaya yana fitar da samfuri ne da fahimta, ba kayan sayarwa ba. Dubi buhun PICS da ake adana wake a ciki ba tare da magani ba. Binciken ya faro tun ƙarshen shekarun 1980, tsakanin Larry Murdock, masanin ƙwari a Jami'ar Purdue, da masu bincike a Marwa ta Kamaru. Dabarar ba ta da wuya: leda biyu masu kauri a cikin buhun saƙa, a ɗaure kowace da kyau, iska ta ƙare wa ƙwaron. Amma sai a 2007 aka fara yaɗa shi gadan-gadan, da masana tattalin arziki, da malaman gona, da masana'antar da ke yin sa a Kano, da 'yan kasuwar da za su kai shi ƙauye, da taron buɗe buhu a gaban jama'a bayan watanni don kowa ya ga waken da idonsa. Kusan shekara ashirin tsakanin dabara da kasuwa.

Abin da za ka iya yi shi ne ka hana aikin mutuwa da zangon. Kowane rukuni ya bar fayil: zane, awo, sunayen kayan da inda aka saye su, abin da aka gwada bai yi ba, da abin da za su yi da an ƙara musu wata uku. Rukunin baɗi ya ɗora daga nan maimakon ya koma farko. Wanda ya fi alamar tafiya a cikinsu, a mayar da shi furojet ɗin ajin ƙarshe na haɗin gwiwa, da masu dubawa biyu daga sassa biyu, a rubuta tun farko yadda za a raba makin da kuma sunan wa zai hau kan duk takardar da ta fito. Samfurin kuma, in ba shi da haɗari, a bar shi a hannun wanda aka yi dominsa, a karɓi lambar wayarsa, a sa ɗalibi ɗaya ya kira shi bayan wata biyu ya tambaya ko yana amfani da shi, in kuma ya daina, a wace rana ya daina kuma me ya faru. Amsar a rubuta ta a shafin farko na fayil ɗin.